Darasin Wannan Mako: Yashin Bakin Teku da Gidajen da ke Bayansa

Darasinmu na wannan Juma'a a kan yashin bakin teku yake. Mu mutanen Arewa mun taso ba mu san teku ba. Gulbi da tabki da fadama muka sani, kuma in ana maganar zaizayar ƙasa, abin da ke faɗo mana a rai shi ne kwazazzabon da ruwan sama ke yankawa a bayan gari. To amma yau ga mu a Legas. A cikinmu akwai direbobin tifa da masu lodin yashi, akwai masu gadi a gidajen Lekki da Ajah, akwai masu hayar doki da masu tsire a bakin ruwa, akwai kuma waɗanda ɗakin kwanansu tsakaninsa da teku bai wuce jifa ba. Saboda haka ya kamata mu san yadda wannan yashi ke aiki, domin shi ne ya tsaya tsakanin ruwa da gidajen mutane.

Yashi tafiya yake yi

Najeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kusan kilomita 850, daga kan iyakar Seme har zuwa jihar Kuros Riba, kuma kimanin kilomita 180 daga ciki na jihar Legas ne. Wanda ya tsaya a bakin ruwa zai ɗauka yashin da yake takawa yana nan tun kaka da kakanni. A'a, baƙo ne, wucewa yake yi.

Ga yadda abin yake. Raƙuman ruwan da ke bugun gaɓarmu daga kudu maso yamma suke tasowa, don haka a karkace suke isowa. Kowane raƙumi ya zo sai ya tura ƙwayoyin yashi sama a karkace, in zai koma kuma ya jawo su ƙasa a miƙe. Na bayansa ya zo ya maimaita. Ka ga ke nan kowace ƙwaya ta ɗan gusa gabas. Haka ake yi dare da rana, har abin ya zama tamkar kogin yashi da ke gudana a gefen teku, daga Gana, ya ratsa Togo da Binin, ya shigo ta Badagiri ya nufi Lekki.

Ina asalin yashin? Mafi yawansa duwatsun tudu ne da suka marmashe, koguna suka kwaso su zuwa teku. Kogin Bolta na Gana yana cikin manyan masu ciyar da wannan gaɓa tamu. Kogin Kwara da na Binuwai kuwa, waɗanda suka biyo ta Yawuri da Yola, nasu kayan yankin Neja Delta suke kai shi.

To, lissafin gaɓa kamar na ɗan tireda ne. In abin da ke shigowa ya yi daidai da abin da ke fita, shago na nan daram. In shigar ta ragu, fitar ba ta tsayawa, sai a fara cin uwar kuɗi. Uwar kuɗin nan ita ce ƙasar da mutane suka yi gini a kai.

Akwai kuma wata hikima a ciki. Da damina, lokacin da teku ke fushi, raƙuma sukan ja yashi cikin ruwa, ya kwanta ya yi tudu a ƙarƙashi. Wannan tudun shi ke karya ƙarfin raƙuman da ke tafe tun ba su iso gaɓa ba. Da rani, in ruwa ya lafa, sai yashin ya dawo sannu a hankali. Wato gaɓa mai wadatar yashi tana gyara kanta da kanta, ba kwangila ba siminti.

Abin da ya sami Bar Beach

Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulkin mallaka suka gina dogayen katangun duwatsu da suka miƙa cikin teku a mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas, don kada yashi ya riƙa toshe hanyar jirage. Buƙata ta biya, jirage suka sami hanya. Sai dai katangun sun datse kogin yashin nan. A yammacinsu, wajen tsohuwar hasumiyar fitilar jirage, yashi ya yi ta taruwa, gaɓa tana faɗi. A gabas kuwa, inda Bar Beach take, raƙuma suka ci gaba da kwasa ba mai mayarwa. Cikin shekarun da suka biyo baya teku ya cinye fiye da kilomita guda na ƙasa a wurin.

Tun daga 1958 gwamnati ta riƙa zuƙo yashi daga cikin ruwa tana zubawa a Bar Beach, teku yana kwashewa, a sake zubawa, ya sake kwashewa. Dattawanmu da suka daɗe a garin nan za su tuna yadda ruwa ya riƙa hawa titin Ahmadu Bello a farkon shekarun 2000, yana shiga gine-ginen da ke bakin titin. Wajen 2008 aka fara aikin Eko Atlantic, aka cike wurin da yashi, aka kewaye shi da katangar da aka tsara tsawonta ya kai kilomita 8.5. Tsibirin Victoria ya sami sauƙi, amma Bar Beach ɗin da talaka ke zuwa shan iska ta zama tarihi.

Matsalar kuma ba ta ƙare ba. A watan Agusta na 2012 ruwa ya yi toroƙo ya afka wa masu zama a bakin Kuramo, rayuka suka salwanta. Can gabas, a Alpha Beach da ƙauyen Okun Alfa, teku ya ci titi da gidaje da itatuwan kwakwa. Mazauna wurin suna cewa abin ya ƙaru bayan manyan ayyukan da aka yi a yammacinsu, masu aikin kuma sun musanta. Gwamnatin jiha ta jera wasu gajerun katangun duwatsu a gaɓar Lekki don su riƙe yashi. Suna riƙewa kam, amma duk abin da katanga ta tare, na gabas da ita ne ya rasa.

Ba Legas kaɗai ba ce. Gabashin tashar jiragen ruwa ta Lome da ta Kwatano duk haka teku ya cinye su. A Gana kuma, bayan an kammala madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, yashin da kogin Bolta ke kawowa ya ragu ƙwarai, zaizayar da ke damun garin Keta ta ƙara tsananta. Ga shi kuma ruwan teku yana ƙaruwa a duniya saboda ɗumamar yanayi: ya hau kimanin santimita 20 daga 1900 zuwa yau. Taƙi guda ne fa, amma a gari shimfiɗaɗɗe kamar Legas, taƙi guda na ruwa yana shiga da nisa.

Masu rai a cikin yashi

Ido yana ganin gaɓa fili ne fetal, alhali cike take da halittu. Ƙananan ramukan da kuke gani gidajen ƙaguwa ne, wata fara-fara mai gudun tsiya, wadda ke fitowa da dare ta share mushen kifi da duk abin da ruwa ya yaso. A cikin jiƙaƙƙen yashi akwai tsutsotsi da ƙananan halittu masu ɓawo, su ne abincin ƙananan kifaye da tsuntsaye.

Tsuntsayen nan da ke guje-guje a bakin ruwa da rani, da yawansu 'yan ci-rani ne kamar mu. Daga Turai da can ƙuryar arewacin duniya suke tasowa in sanyi ya kama, su yi dubban kilomitoci, su yi watanni suna kiwo a gaɓar Afirka ta Yamma, sannan su koma gida su yi ƙwai. Yadda shamuwa ke zuwa mana da damina, haka su ma suke da lokacinsu. In gaɓar da suka saba sauka ta ɓace, ba su da masauki.

A bayan gaɓa kuma, inda yashi ya yi tudu, akwai ciyayi da wata yaɗuwa mai fure ja-ja, 'yar'uwar duman rafi, ganyenta kamar kofaton akuya. Saiwoyinsu ne ke ɗaure yashi kada iska da ruwa su kwashe. Manomin da ya san amfanin gamba a kan iyakar gona ya riga ya gane wannan. A tuge su, ko mota da babur su yi ta bi ta kai, tudun sai ya watse.

Sai kunkurun teku. Macen takan fito da dare ta haƙa rami a busasshen yashi, ta zuba ƙwai wajen 100, ta rufe ta koma ruwa. Bayan kamar wata biyu 'ya'yan su ƙyanƙyashe. Zafin yashin ne ke sa su zama maza ko mata: in ya yi zafi mata sun fi yawa. Da sun fito, inda ya fi haske suke nufa, wanda a da shi ne fuskar teku. Yanzu fitilun gidaje da otal-otal suna ruɗa su, su nufi tudu su mutu. Kaɗan ne ƙwarai ke kaiwa girma, kuma wadda ta rayu sai ta yi shekaru masu yawa kafin ta fara ƙwai, sannan yankin da aka ƙyanƙyashe ta take komowa. Shi ya sa kwashe rami ɗaya ba ƙaramar ɓarna ba ce. Yarjejeniyar CITES, wadda Najeriya ke ciki, ta hana fataucin kunkurun teku tsakanin ƙasashe.

Ɗiban yashi da shara

A 2022 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce duniya tana amfani da yashi da tsakuwa kusan tan biliyan 50 a shekara, kuma in ka cire ruwa babu abin da ɗan'adam ke ɗiba kamarsu. Wani zai ce, to ga Sahara can cike da rairayi, a kwaso mana. Ai ba ya yi. Iska ta goge ƙwayoyinsa sun yi sulɓi, ba sa kama siminti da kyau. Shi ya sa ido ya koma kan koguna da lagun da bakin teku.

Kowace tifa da aka cika daga gaɓa, an zare ta ne daga lissafin nan da muka faɗa, kuma maƙwabcin da ke gabas shi zai biya. Ga wani abu da magina suka sani: yashin teku yana da gishiri, in ba a wanke shi ba yana sa rodi tsatsa a cikin kankare, ginin ya raunana. Wato an cuci gaɓa, an kuma cuci mai gini.

Shara kuma daga cikin unguwanninmu take tasowa. Ledar ruwa da gorar roba da aka jefa a kwata a Agege ko Mile 12, ruwan sama zai kai su babban lambatu, daga nan lagun, daga nan teku, teku kuma ya dawo da su gaɓa. Wani nau'in kunkurun yana ɗaukar ledar da ke yawo a ruwa a matsayin abincinsa, ya haɗiye ta toshe masa hanji. A watan Janairu na 2024 gwamnatin Legas ta hana amfani da farar robar zuba abinci mai kama da soso, saboda yadda take toshe magudanai.

Abin da ke hannunmu

Manyan katangu da madatsu aikin hukuma ne. Amma akwai namu.

Na ɗaya, direba ko mai lodi ya tsaya ga wuraren da hukuma ta ba da izinin ɗiban yashi. Aikin dare a bakin gaɓa, in an zo kame, mai shebur ake kamawa, mai kwangila yana gida yana barci.

Na biyu, kafin ka kama ɗaki ko ka sayi fili kusa da teku, tambayi tsofaffin mazauna wurin ina ruwa yake shekara goma da suka wuce. Ka duba ko akwai kututturen kwakwa a cikin ruwa ko rusassun gine-gine a bakin gaɓa. Arahar wurin tana da dalili.

Na uku, masu doki da babur su bi ta filin yashi, su bar tudun da ke da ciyawa. Masu sana'a a bakin ruwa kowa ya ajiye buhun shara kusa da teburinsa, ya tafi da shi in ya tashi.

Na huɗu, wanda ya ga kunkuru tana ƙwai ya ja baya, kada ya haska mata tocila, kada ya tona ramin. In an kawo maka ƙwan ko naman, kada ka saya.

Na biyar, iyaye masu kai yara bakin teku da Sallah su hana su shiga ruwa, musamman kusa da katangun duwatsun nan, domin a gefensu ruwa yakan koma ciki da ƙarfin da ko gwanin iyo yana shan wuya. Iyon gulbi daban, na teku daban.

Tambayoyin bita ga ɗalibai: Ta wace fuska yashi ke tafiya a gaɓar Legas, kuma me ke tura shi? Me ya sa Bar Beach ta zaizaye bayan 1912? Kawo amfani biyu na ciyayin da ke bayan gaɓa. A tattauna su da yara a gida.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya sa mu zama masu gyara a duk inda muka sauka. Wassalamu alaikum.