Yadda Ake Zaɓar Littattafan Nazarin Kartar Tarot ta Almarar Sarki Arthur

Kartar tarot kati 78 ce: manya 22, sai ƙanana 56 da aka kasa gida huɗu. A Turai da Amurka akwai masu yin duba da ita, akwai kuma masu sayenta don zanen da ke jikinta da labaran da aka ɗauko zanen daga cikinsu. Wannan bayani na rukuni na biyu ne, wato mai son adabi da tarihi. Wasu kartocin an gina su kacokan a kan almarar Sarki Arthur na Birtaniya da baradensa, kuma wanda bai san labaran ba, kallon hoto kawai zai yi ya ajiye. Ga yadda za ka tara littattafanka ba tare da ɓarnar kuɗi ba.

Mataki na 1: Gano wace karta ce a hannunka

Biyu ne suka fi shahara. Akwai The Arthurian Tarot ta Caitlín da John Matthews, wadda Miranda Gray ta zana, ta fito a 1990. Akwai kuma Legend: The Arthurian Tarot ta Anna-Marie Ferguson, ta 1995. Baza ƙananan katunan ka duba gidajensu. A ta Matthews za ka ga takobi, mashi, ƙoƙo mai tsarki da dutse. A ta Ferguson garkuwa ce ta ɗauki gurbin dutse. Rubuta sunayen da ke ƙasan manyan katuna 22 a takarda, don da wannan jeri za ka auna duk littafin da za ka saya.

Mataki na 2: Fara da littafin masu kartar

Ƙaramin littafin da ke zuwa cikin kwali ba koyaushe yake ƙosarwa ba. Nemi cikakken. Ma'auratan Matthews sun rubuta Hallowquest, Ferguson kuma ta rubuta A Keeper of Words. A nan ne mai karta ke faɗin dalilin da ya sa ya ɗora Merlin a gurbin katin matsafi, ko Arthur a gurbin katin babban sarki. Kada ka sayi littafin wata karta kana tsammanin zai yi maka aiki a taka, don kowa da irin rabon da ya yi wa mutanen labarin.

Mataki na 3: Tantance reshen almarar

Nan ne yawancin masu farawa ke yin kuskure. Almarar Arthur ba littafi ɗaya ba ce. An yi ɗaruruwan shekaru ana faɗinta da harshen Wales, da Latin, da Faransanci, da Jamusanci, da Ingilishi, kowa yana ƙara nasa gishirin.

Ɗauki babban kati na bakwai a kartar Matthews. A kartar gargajiya keken doki ne ke wurin, amma a nan jirgin ruwa ne mai suna Prydwen. Idan ka je nemansa a littafin Thomas Malory, wanda za mu zo kansa a mataki na 4, sai ka gaji. Jirgin yana cikin labaran Wales, kamar na Culhwch da Olwen. A wajen Geoffrey na Monmouth kuwa, wanda ya rubuta tarihin sarakunan Birtaniya wajen 1136, sunan garkuwar Arthur ne. Haka abin yake da Grail, wanda baraden ke fita nema. Chrétien de Troyes, Bafaranshen da ya fara kawo shi a ƙarshen ƙarni na 12, akushi ya nuna. Robert de Boron ya mai da shi ƙoƙon jibin ƙarshe na Annabi Isa, kamar yadda Kiristoci ke ba da labarin. Wolfram von Eschenbach na Jamus kuma ya ce dutse ne.

Don haka duba jerin sunayenka. Idan ka ga Taliesin da Prydwen, kartarka ta karkata ga Wales. Idan Lancelot da Galahad da Tristram suka cika ta, to ta bi hanyar Faransa da Malory.

Mataki na 4: Sayi tushe biyu, kada ka wuce haka da farko

Na farko shi ne Le Morte d'Arthur na Malory, wanda William Caxton ya buga a 1485. Shi ya tattara labarin daga haihuwar Arthur zuwa faɗuwar daularsa. Turancinsa tsoho ne, saboda haka nemi bugun da aka gyara rubutun kalmominsa zuwa na zamani, mai sharhi a baya. Na biyu shi ne Mabinogion, tarin hikayoyin Wales. Fassarar Charlotte Guest ta ƙarni na 19 tana nan kyauta a intanet, amma ta tace wasu wurare don kunyar zamaninta. Ta Sioned Davies ta 2007 ta fi sauƙin karantawa, kuma tana koya maka yadda ake furta sunayen. In ka gama waɗannan, sai ka ƙara da Perceval na Chrétien da waƙar Gawain da Koren Barde.

Mataki na 5: Haɗa da littafin tarihi guda

Za ka ci karo da marubutan da ke cewa tarot sirrin tsohuwar Masar ce ko ta bokayen Birtaniya. Tarihi bai goyi bayansu ba. Kartar wasa ta shiga Turai a shekarun 1370 daga daular Mamluk ta Masar da Sham, tarot kuma ta bayyana a arewacin Italiya wajen 1440 a matsayin wasan fadawa. Zancen tsohuwar Masar Antoine Court de Gébelin ne ya ƙago shi a 1781. Danganta gidajen karta huɗu da kayan tsarki na labarin Grail kuwa aikin farkon ƙarni na 20 ne, a rubuce-rubucen A. E. Waite da Jessie Weston, mai From Ritual to Romance na 1920. Littafin Michael Dummett, The Game of Tarot na 1980, shi ya warware wannan zare da hujjoji. Yana da tsada da wuyar samu, amma ko a ɗakin karatu ka same shi, ya cancanci zama.

Mataki na 6: Gwada littafi kafin ka biya

Buɗe fihirisar baya ka nemi sunaye biyar daga jerinka. In ka sami uku, littafin zai amfane ka. Duba ko marubucin yana faɗin daga wane tsohon rubutu ya ɗauko kowane labari, kuma ko yana bambanta abin da magabata suka rubuta da abin da shi ya ƙara. Wanda ya cika shafukansa da alkawarin sanin gobe, bai ambaci Malory ko Chrétien ba, bar masa kayansa.

Mataki na 7: Tsara karatun

Ɗauki kati ɗaya a mako. Karanta bayanin mai kartar, sannan ka koma tushe ka karanta labarin cikakke, ka rubuta a littafinka inda suka yi daidai da inda suka saɓa. Manyan katuna kaɗai za su ci maka wata biyar. Kada ka sayi sabon littafi sai wani kati ya kawo sunan da babu shi a cikin waɗanda ka riga ka mallaka.