Darasin Kiwon Lafiya: Yadda Ake Auna Ciwon Wuya

Darasinmu na wannan wata a kan ciwon wuya ne. Idan ana son sanin yawan hatsi, akwai mudu da tiya. Idan ana son sanin zafin jiki, akwai ma'aunin zafi a asibiti. To, da me ake auna ciwo, abin da ido ba ya gani?

Aikin da wuya yake yi

A cikin wuyan mutum akwai ƙananan ƙasusuwa guda 7. Su ne ke ɗauke da kai dare da rana. Nauyin kan babban mutum ya kai kilo 5 ko kusa da haka. Jarka mai lita 25 idan ta cika da ruwa, nauyinta kilo 25 ne. Ke nan matar da ta ɗauko ta daga rijiya ta ɗora wa wuyanta nauyin kai biyar bayan nata. Gammo yana rage zafin kaya a tsakar ka, amma ba ya rage nauyinsu. Duƙawa a gona, da daka, da ɗinkin hula, da daɗewa ana kallon waya, duk suna gajiyar da wuya.

Ciwon ba namu ba ne mu kaɗai. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum wajen miliyan 203 ne ke fama da shi a duniya, kuma mata sun fi maza yawa.

Awon da likitoci suke yi

Mutum biyu za su ce wuyansu na ciwo. Ɗaya ya tafi gona, ɗaya ko waiwaye ba ya iya yi. Saboda haka akan auna ciwo da abin da ya hana mutum yi. A shekarar 1991 wasu masana biyu a ƙasar Kanada, Vernon da Mior, suka tsara takarda mai tambayoyi 10. Tana tambaya a kan ƙarfin ciwo, barci, aiki, ɗaukar kaya, karatu, wanka da sa tufafi, da sauransu. Kowace tambaya makinta daga 0 zuwa 5, jimla 50. Mai maki da yawa shi ne ciwon ya fi takura wa. An fassara takardar zuwa harsuna da dama, har da Hausa.

Awon da za ka yi a gida

Kai ma, tunda ka iya rubutu, za ka iya yin ƙaramin awo naka. Ɗauki littafi da fensir ka rubuta abubuwa biyar:

1. Barci
2. Aikin gona ko sana'a
3. Ɗaukar kaya
4. Wanka da sa riga
5. Ruku'u, sujada da sallama

A gaban kowanne sa maki. Idan kana yi ba damuwa, rubuta 0. Idan kana yi da ƙyar, rubuta 1. Idan ka kasa, rubuta 2. Sai ka tara.

Misali: a ce wata mata ta sa barci 1, daka 2, ɗibar ruwa 2, wanka 0, salla 1. Jimla 6 cikin 10. Bayan mako ɗaya ta sake awo ta sami 3. Ta san sauƙi na samuwa. Da 8 ta samu, da ta san ciwon gaba yake yi.

Ka kuma rubuta kwanakin da ciwon ya hana ka aiki. Manomin da ya kwanta kwana 6 lokacin noman farko, ciyawa ba ta jiransa. Dole ya biya 'yan ƙwadago ko amfanin gona ya ragu. Wannan asarar ma ciwon ne ya jawo ta.

Ranar zuwa asibiti ka tafi da littafinka. Maimakon ka ce "na daɗe ina fama", sai ka ce "mako 3 ke nan, makina ya tashi daga 4 zuwa 7". Malamin asibiti zai fi gane halin da kake ciki.

Lokacin da ba a jira

Yawancin ciwon wuya yakan lafa cikin 'yan makonni. Rage kaya, raba su gida biyu, gasa wurin da tsumma mai ɗumi, ka riƙa juya wuyan a hankali. Amma a garzaya asibiti nan take:

1. Idan wuya ya sanƙare tare da zazzaɓi da matsanancin ciwon kai, musamman da bazara. Yana iya zama sanƙarau.
2. Idan ciwon ya zo bayan faɗuwa daga itace ko babur. Kada a murɗa wuyan, kada a ja shi.
3. Idan hannu ko ƙafa sun fara mutuwa.

Aikin gida

1. Ƙasusuwa nawa ne a wuya?
2. Tara waɗannan: 2, 1, 1, 0, 2.
3. Yi wa mutum ɗaya a gidanku awon nan, musamman mai ɗebo ruwa. Ka kawo wa malaminku sakamakon a aji.

Allah ya ba mu lafiya. Sai wata mai zuwa.