Yadda Ake Jona Fankoki Masu Yawa a Jikin Kwamfuta

Mai karatu zai yi mamakin ganin malamin ilimin halittu yana bayani a kan fankar kwamfuta. Dalilin shi ne, a bazarar da ta wuce kwamfutar ɗakin bincikenmu ta riƙa ɗaukewa da kanta da tsakar rana, har wata ɗalibata ta rasa ƙididdigar da ta kwashe mako guda tana shigarwa. Da muka buɗe akwatin sai muka tarar fanka ɗaya tak ke juyawa, ita ma ƙura ta toshe ta.

Jikin ɗan Adam yana riƙe zafinsa a wajen digiri 37 na ma'aunin Salshiyos. Idan zafi ya ƙaru, wani sashe na ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamos yakan sa gumi ya tsattsafo, jijiyoyin jinin fata su buɗe. Kwamfuta ita ma tana da ma'aunan zafi a cikinta. Idan furosesa, wato ƙwaƙwalwar tata, ta doshi digiri 95 zuwa 100, sai ta rage saurin aiki, in abin ya ci tura ta kashe kanta. Ba ta gumi, don haka iska ce kawai madogararta.

A jikin babban allon kwamfuta, wanda dukkan sassa ke haɗuwa a kansa, akwai 'yan ƙananan soket-soket na fanka. Wanda aka rubuta wa CPU_FAN na fankar furosesa ne, kada a ba wata fanka shi. Sauran, masu alamar SYS_FAN ko CHA_FAN, su ne na fankokin akwati. Kowane soket yana da fil 3 ko 4. Na farko shi ne na ƙasa, na biyu yana kawo wuta bolt 12, na uku yana sanar da allon yawan juyin fanka a minti. Na huɗu, wanda ya yaɗu bayan kamfanin Intel ya fitar da tsarinsa, shi ke ɗauke da saƙon da ke ƙara wa fanka gudu ko rage mata, ana kiransa PWM. Fulogin ta fuska ɗaya kawai yake shiga. Idan ya ƙi, a juya shi, kada a danna da ƙarfi.

To, yaya za a yi idan fankoki sun fi soket yawa? Hanya mafi araha ita ce waya mai rassa, wadda ke raba soket ɗaya ga fanka biyu ko uku. A nan ne mutane da dama ke yin ɓarna. Yawancin waɗannan soket ba sa ɗaukar fiye da amfiya 1, wato wat 12, sai dai in littafin allon ya faɗi akasin haka. Kowace fanka kuma an rubuta abin da take ja a takardar da ke manne a bayanta. Mu ɗauka an rubuta 0.25A. Fanka 3 za su ja 0.75, babu matsala. Fanka 5 za su ja 1.25, sun zarce iyaka, kuma soket ɗin yana iya ƙonewa. Wani lokaci gyaransa ya fi sayen sabon allo wahala. Bugu da ƙari, fanka takan ja wuta fiye da kima a daidai lokacin da ta fara juyawa, shi ya sa ni ba na yarda lissafin ya wuce 0.8.

Wanda ya duba irin wannan waya da kyau zai ga reshe ɗaya ne kawai ke da fil na uku. Ba kuskuren masana'anta ba ne. Da duk fankokin za su aika rahoton juyinsu ta waya guda, da saƙon ya cakuɗe. Illar wannan ita ce, ɗaya daga cikin sauran tana iya tsayawa cik alhali allon bai sani ba, saboda haka a riƙa leƙawa da ido.

Idan fankokin sun kai huɗu ko fiye, gara a sayi matattarar fanka. Wani ɗan akwati ne da ke karɓar wutarsa kai tsaye daga tukunyar wutar kwamfuta ta wayar SATA, daga allo kuwa saƙon gudu kawai yake amsa. Sai dai a kula: fanka mai fil 3 ba ta jin saƙon PWM, don haka a irin wannan matattara za ta riƙa gudu iya ƙarfinta da ƙara mai damun kunne. Idan a soket ɗin allo aka jona ta, ana iya shiga BIOS a zaɓi DC, domin a sarrafa ta ta hanyar rage bolt.

Yawan fanka ba shi ne sanyi ba idan iskar ba ta da hanya. Na gaba su shigo da iska, na baya da na sama su fitar da ita. Galibi fanka tana hura iska ne zuwa ɓangaren da sandunan da ke riƙe da injinta suke, wasu kuma an zana musu kibiya a gefe. A ƙasarmu ta hunturu na fi son masu shigowa su ɗan rinjayi masu fitarwa, a sa musu rariyar tace ƙura. Ta haka iska za ta riƙa fita ta ramukan akwatin maimakon ƙura ta shiga ta cikinsu, kusan irin aikin da gashin hanci ke yi mana. Rariyar tana buƙatar kakkaɓewa akai-akai daga Disamba zuwa Fabrairu.

Kafin a taɓa komai, a kashe kwamfutar, a zare fulogi daga bango, a taɓa ƙarfen akwatin domin sauke lantarkin da ke taruwa a jiki, wanda ya fi yawa a busasshiyar iskar hunturu. Bayan an gama, a ɗaure wayoyi nesa da fukafukan fanka, a kunna kafin a rufe murfi, a tabbatar kowace tana juyawa. Tamu dai fanka 4 muka sa mata a kan matattara, kuma ba ta sake ɗaukewa ba.