Darasin Juma'a: Mayaƙan Da Suka Ba Abuja Suna Da Mazauni

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, darasinmu na wannan mako tarihi ne, tarihin ƙasar da muke takawa kullum muna neman halal a cikinta. Wasunmu sun shekara goma a nan Gudu, wasu ashirin, 'ya'yanmu da yawa a nan aka yanke musu cibiya. Amma a tambayi yaro ina sunan Abuja ya samo asali, sai ya yi shiru, ko ya ce sunan gwamnati ne. To, Abuja sunan mutum ne. Mayaƙi ne Bahaushe, kuma shi ma baƙo ne ya zo wannan yanki, irin yadda muka zo, sai dai shi takobi ne ya koro shi, mu kuwa neman abinci.

Labarin ya faro ne daga Zariya. Lokacin da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yi masa rahama, ya game ƙasar Hausa, Sarkin Zazzau na lokacin shi ne Muhammadu Makau, ɗan Sarki Isiyaku Jatau. Mahaifin ya karɓi kiran Shehu, shi kuwa Makau da ya hau bai bi sawun ubansa ba. Malam Musa, wanda ya karɓo tuta, ya tunkaro Zariya da jama'arsa. Tarihin da mutanen tsohuwar Abuja suka rubuta da kansu, wato Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi, ya nuna cewa Makau yana filin idi a bayan ganuwa aka auko, bai sami damar komawa cikin gari ba, daga nan ya yi kudu. Wasu littattafai sun ce a 1804 ne, masana da yawa kuma sun fi karkata ga ƙarshen 1808.

A nan ina so mu tsaya kaɗan. Mu da aka rene mu da girmama Shehu, wani lokaci mukan ɗauka duk wanda ya ja da masu tuta arne ne. Ba haka ba ne. Makau Musulmi ne, ai ga shi a filin idi aka same shi. Rigima ce ta mulki da ta fahimtar addini tsakanin masu salla, kuma mu da muka zo bayan shekara ɗari biyu ba a ɗora mana yi musu hisabi ba. Abin da ya shafe mu shi ne mu san abin da ya faru, mu faɗe shi yadda yake.

Makau ya sauka a Zuba, garin Koro, waɗanda tun da can suna kai gaisuwa Zazzau. Zuban nan dai da muke zuwa sarin lemo da ayaba, ita ce. Sarakunan yaƙinsa da fadawansa da yawa sun biyo shi. Sai dai Makau bai taɓa zama ya gina gari ba. Shekarunsa duka a kan doki suka ƙare, yau yana kare kai, gobe yana kai hari, har aka kashe shi a yaƙi a wajen Lapai a 1825. Jarumi ne, babu musu, amma da ya faɗi jama'arsa ba su da ganuwar da za su fake a bayanta.

Ƙanensa Abubakar ne ya gaje shi, wanda ake ce wa Abu Ja saboda hasken fatarsa. A ganina shi ne ya fi yayansa hangen nesa, ko da yake ba a cika ambatonsa da jarumta kamar Makau ba. Abu Ja ya gane cewa Zariya ta tafi. Maimakon ya ƙarar da sauran mutanensa wajen ƙoƙarin komawa, sai ya zaɓi wuri a gindin duwatsu, kusa da ruwa, ya kafa gari a 1828, shekarar da ta biyo ya fara ganuwa. Garin ya ɗauki sunansa, Abuja. Dawakin Zariya sun saba da fili, nan kuwa dutse ne da kurmi, saboda haka duk hare-haren da aka yi ta kawowa daga Zariya a tsawon ƙarnin nan ba su ci garin ba. Ya yi sarauta har 1851.

Wanda ya biyo shi, Abu Kwaka, da ake kira Dogon Sarki, shi ne ya kamata mu 'yan kasuwa mu riƙe sunansa. Ya yi mulki daga 1851 zuwa 1877, kuma a zamaninsa ne aka buɗe ciniki tsakanin Abuja da Zariya da Bida, wato da mutanen da aka daɗe ana gaba da su. Ku duba fa, gidan da aka kora daga Zariya da takobi, ɗan gidan ne ya bar fataken Zariya suka shigo da kaya. Bai sallama 'yancin garinsa ba, bai kuma hana mutanensa cin abinci saboda tsohuwar gaba ba. Duk wanda ya taɓa ganin an rufe kasuwa na mako guda saboda rikici ya san nauyin wannan shawara.

Kada kuma mu yi wa tarihin kwalliya. Wannan masarauta ta rayu da yaƙi, kuma ƙauyukan Gbagyi, waɗanda muke ce wa Gwari, sun sha hari da kamun bayi a hannunta. Sarki Ibrahim Iyalai, wanda ya yi daga 1877 zuwa 1902, laƙabinsa ma Dodon Gwari ne. Mu muna jin wannan a matsayin kirari. Maƙwabcinmu Bagbagyi da muke sayen doya da gawayi a hannunsa, kakanninsa ne aka yi wa dodon. A 1902 Turawan Ingila suka kama garin, hujjarsu ita ce ana tare hanyar fatake tsakanin Lokoja da Zariya. Tsohuwar Abujan nan ita ce Suleja ta yau. Da gwamnati ta ɗauki sunan ta ba sabon birni, sai aka sa wa tsohon garin sunan sarkinsa na lokacin, Sulaimanu Barau. Har gobe kuma sarautar ana kiranta Sarkin Zazzau Suleja.

Wanda ya sa aka ɗauki sunan shi ma soja ne, kuma hotonsa na cikin aljihun kowa, a kan naira ashirin. Janar Murtala Ramat Muhammad, haifaffen Kano, 8 ga Nuwamba 1938. Ya yi Kwalejin Barewa a Zariya, ya shiga soja a 1958, ya sami horo a Sandhurst ta Ingila, ya je aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango. Ya zama shugaban ƙasa a ƙarshen Yuli 1975 bayan an hamɓarar da Janar Gowon. Cikin wata guda ya kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda, ya duba ko Legas za ta ci gaba da zama babban birni. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 ya sanar da cewa za a gina sabon birni a tsakiyar ƙasa, ya kuma ƙara jihohi daga 12 zuwa 19. Kwana goma bayan haka, ranar Juma'a 13 ga Fabrairu, sojoji ƙarƙashin Laftanar Kanar Dimka suka buɗe wa motarsa wuta a cunkoson Legas yana hanyar ofis. Yana da shekara 37. A Kano aka binne shi. Bai ga ko tubali ɗaya na birnin ba, don sai 12 ga Disamba 1991, zamanin Janar Babangida, gwamnati ta taso gaba ɗaya.

Dattawanmu in suna maganar Murtala har idonsu kan kawo ruwa, kuma suna da dalili. Mulkin da bai wuce kwana 200 ba ya sa ma'aikaci ya riƙa isa ofis da wuri. Ya tarar da ɗaruruwan jiragen ruwa maƙare da siminti sun toshe tashar Legas, ya sa aka shiga warware cunkoson. A taron ƙasashen Afirka a Adis Ababa cikin Janairu 1976 ya tsaya kan batun Angola, ya ƙi bin abin da Amurka ke so. Yana yawo ba jerin gwanon motoci, wanda kuma shi ne ya sauƙaƙa wa makasansa.

Amma akwai ɗaya gefen, kuma mu da muke zaune a Gudu bai kamata a ce ba mu san shi ba. A yaƙin basasa Murtala ne kwamandan Runduna ta Biyu. A Oktoba 1967, bayan rundunar ta shiga Asaba, sojojinta sun kashe ɗaruruwan maza fararen hula. A wannan watan kuma ya matsa sai an tsallaka kogin Kwara zuwa Onica da jiragen ruwa, duk da an ba shi shawarar kada ya yi, aka yi ta asarar sojoji a ruwa. A Maris 1968 aka yi wa ayarin motocin rundunar kwanton ɓauna a Abagana, aka ƙone shi. Ko a mulkinsa, sallamar ma'aikata sama da dubu goma da aka yi cikin gaggawa ta haɗa da masu laifi da waɗanda ba a ba su damar kare kansu ba, kuma akwai masu ganin tun daga nan ma'aikaci ya koyi tara abin gobe tun yana kan kujera.

Me ya sa na kawo wannan a takardar masallaci? Saboda a kasuwar Gudu shagonka na jikin shagon Inyamuri, tare kuke buɗewa, tare kuke rufewa, wani lokaci shi ke ba ka kaya bashi. Mutumin da kake kira gwarzo, mai yiwuwa a gidansu sunansa na tafe da makoki. In hira ta kai can, wanda ya san gefe biyun zai iya riƙe harshensa, ya saurara, ya faɗi alherin da ya sani ba tare da ya ƙaryata ciwon ɗan uwansa ba. Wanda bai sani ba kuwa, sai gardama ta tashi a kan abin da ya faru kafin a haife shi. Haka nan da 'yan asalin yankin nan. Dokar 1976 da ta buɗe mana ƙofar zuwa mu yi kasuwanci ita ce ta raba ƙauyuka da yawa da gonakinsu, kuma maganar diyya da sake matsuguni ba ta mutu ba har yau. A juya naira ashirin ɗin ma a duba bayanta: Ladi Kwali ce ke gina tukunya, 'yar wannan yanki, wadda ta yi aikinta a tsohuwar Abuja.

Sojojin zamaninmu kuma ba su yi nisa da mu ba. Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, wanda ya yi suna da tankokin yaƙi wajen ƙwato Baga a 2015, an kashe shi a Malam Fatori ranar 4 ga Nuwamba 2016, yana kwance a maƙabartar sojoji da ke hanyar filin jirgi. Manjo Janar Idris Alkali, wanda ya ɓace a hanyarsa daga Abuja zuwa Bauchi a Satumba 2018 jim kaɗan bayan ya yi ritaya, aka gano gawarsa a wajen Jos, a nan maƙabartar Gudu aka yi masa sutura a farkon Nuwamba na shekarar. Akwai ƙananan sojoji da yawa da ba a buga sunansu a jarida ba, matansu da marayunsu na nan cikin barikoki da unguwannin da ke kewaye da mu. Mai niyyar fitar da zakka ko sadaka bana, ya tambaya a unguwarsu, ba zai rasa irin waɗannan gidaje ba.

Masu yara 'yan makaranta, Suleja ba ta kai tafiyar awa biyu daga nan ba ko da cunkoso. Wata Asabar a ɗauke su, a bi ta Zuba, a nuna musu dutsen Zuma, a wuce ƙofar fadar Sarkin Zazzau Suleja su gani da idonsu.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya gafarta musu kurakuransu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalamu alaikum.

Sakataren Masallaci