Filin Shawarwari: An Maka Ni a Kotu Kan Fili, Wane Lauya Zan Ɗauka?

Tambaya

Ni ɗan kasuwa ne a Gwallameji. Na sayi fili kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya don in gina ɗakunan haya na ɗalibai. Gini ya kai linta, sai ga wani da takardu wai gadon mahaifinsu ne, har ya maka ni a Babbar Kotu. Wani bawan Allah da na gamu da shi a harabar kotu ya ce lauyoyin Bauchi ba za su iya ba, in ba shi kuɗi ya nemo mini babban barista daga Abuja, wanda shari'a ba ta taɓa kayar da shi ba. Shin barista daban ne da lauya? Yaya ake ɗaukarsu, kuma yaya ake biyansu?

Mai karatu, Gwallameji, Bauchi

Amsa

Allah ya warware wannan lamari cikin sauƙi. Kafin komai, mai tambaya ya duba takardar sammacin da kyau, domin a jikinta an rubuta kwanakin da aka ba shi ya amsa ƙara. Wanda ya bari wa'adin ya wuce yana neman babban lauya, kotu na iya yanke hukunci ba ta ji ta bakinsa ba.

Rabuwar da ake magana a kai tsakanin barista da lauya ta Ingila ce. A can akwai lauyan ofis mai karɓar mutane da shirya takardu, akwai kuma barista mai zaman kansa wanda gwanintarsa tsayawa gaban alƙali. A Najeriya an haɗe ayyukan biyu. Duk wanda ya gama Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda aka kafa a 1962, ko a Bwari ya yi ko a Bagauda ko a Yola, aka kuma rubuta sunansa a rajistar Kotun Ƙoli, yana da ikon yin duka biyun a kowace jiha. Lambar girma ta manyan lauyoyi, wato SAN, da aka fara bayarwa a 1975 ga Rotimi Williams da Nabo Graham-Douglas, shaida ce ta gogewa. Ba ta sayen hukunci. Lauyan da ke Bauchi, wanda ya san rajistar kotu da ofishin filaye, ba ya kuma bukatar kuɗin jirgi da masauki duk ranar zama, sau da yawa shi ya fi dacewa da rigima irin wannan.

Shi kuwa mutumin harabar kotu, a rabu da shi. Dokokin ɗa'ar aikin lauya sun hana farautar masu ƙara ta hannun 'yan kamasho, sun kuma hana lauya raba ladansa da wanda ba lauya ba. Ƙa'ida ita ce mutum ya taka da ƙafarsa zuwa ofishin lauya, su zauna ido da ido. Lauyan gaskiya yana biyan kuɗin izinin aiki kowace shekara kafin ƙarshen watan Maris, kuma takardun da yake shigarwa kotu suna ɗauke da hatimin Ƙungiyar Lauyoyin Najeriya, mai sunansa da lambarsa. Wanda ya yi shakka ya tambayi reshen ƙungiyar na Bauchi.

A wajen kuɗi ne aka fi ɓatawa, saboda mutanenmu suna jin nauyin yin ciniki da mai ilimi. Bai kamata ba. Kuɗin shari'a kashi-kashi ne: akwai ladan lauya, akwai kuɗin shigar da takardu wanda kotu ke karɓa ta ba da rasit, akwai na halartar zama, akwai na kai sammaci da na ɗauko shaidu. Mai tambaya ya nemi a rubuta masa kowanne a takardar yarjejeniya: nawa ne, yaushe za a biya, kuma shin ladan ya haɗa da ɗaukaka ƙara ko ya tsaya a Babbar Kotu. Tun 2023 akwai dokar da ta tsara mafi ƙarancin ladan lauyoyi, saboda haka mai arha fiye da kima ma abin dubawa ne. Idan saɓani ya taso, lauya ba zai kai wanda yake karewa ƙara kan lada ba sai ya ba shi lissafi a rubuce, an kuma yi wata guda.

Abin da ya fi kuɗin muhimmanci shi ne gaskiya. Idan dillali ne kawai ya sa hannu a takardar ciniki, ko mai unguwa bai shaida ba, ko an taɓa jin ƙishin-ƙishin ɗin magada kafin a biya, duk a faɗa wa lauya a zaman farko. Sashe na 192 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana shi fallasa sirrin wanda yake karewa. Abin da aka ɓoye masa kuwa, lauyan abokin shari'a ne zai fito da shi a gaban alƙali.

Lauya mai zaman kansa ba ɗan amshin shata ba ne. Mai ƙara ke yanke shawarar ci gaba ko sulhu, amma lauya ba zai shirya shaidar zur ba, ba kuma zai yi alkawarin nasara ba. Idan ya duba takardu ya ce sulhu da magada ya fi, a saurare shi da kyau. Wanda bai gamsu ba yana da damar sauya lauya, kuma wanda aka ci amanarsa zai iya kai kuka kwamitin ladabtar da lauyoyi.

A wannan makon mai tambaya ya tattara sammacin, takardar ciniki, rasit-rasit, taswirar filin, takardar mallaka ta gwamna idan akwai, da sunayen shaidun da suka halarci cinikin. Ya zauna da lauyoyi biyu a Bauchi kafin ya zaɓi ɗaya, ya kuma dakatar da magina har sai lauyan ya duba ko akwai umarnin kotu na tsayar da aiki.