Amsar Tambaya: Cikin Wata Guda Gudan Jini Ne Kawai?

Malama, kin rubuto kina tambaya ko cikin wata guda gudan jini ne kawai, har ya halatta ki ci gaba da shan jiƙon da kika saba. To, ki dakata tukuna.

Idan maniyyi ya haɗu da ƙwan mace a bututun da ke kaiwa ga mahaifa, sai halittar nan, wadda da ƙyar ido ke ganinta, ta yi ta rarrabuwa tana gangarowa, har wajen kwana 6 ko 7 ta maƙale a bangon mahaifa. Kuma wajen kwana 22 zuciya ta soma bugawa, wajen kwana 28 asalin ƙwaƙwalwa da laka ya haɗe, alhali sau da yawa uwar ba ta ma haƙiƙance tana da juna biyu ba. A mako na 8 tsawon tayin wajen santimita 3 ne kacal, amma galibin gaɓoɓi sun kafu.

A wannan tsakanin ne magani ya fi yin illa. Ki ajiye jiƙon, ki je awo da wuri, ki nemi ƙwayar folik asid, maigida kuwa ya daure ya raka ki.