Tambaya da Amsa: Wane Ne Lobanovskyi da Alhaji Ke Yawan Ambato?

TAMBAYA

Muna da majalisa a ƙofar wani gidan kallon ƙwallo a unguwarmu, kuma a cikinmu akwai wani dattijo da muke kira Alhaji, wanda ya fara bin tamaula tun zamanin talabijin mai baƙi da fari. Duk ranar da muka ɗauko zancen Klopp ko Guardiola, muna yaba yadda yaransu ke yi wa mai ƙwallo taron dangi har su ƙwace, sai Alhaji ya ce mu yara ne, wai wani ɗan Yukren mai suna Lobanovskyi ya yi wannan tun ba a haife mu ba. Mu dai dariya muke yi, don ba mu taɓa jin ya ɗauki Kofin Zakarun Turai ba. Wani abokinmu ma cewa ya yi mutumin bai taɓa taka leda ba, malamin lissafi ne aka damƙa wa ƙungiya. Don Allah Malam a raba mana gardama. Wane ne shi? Ya buga ko bai buga ba? Me ya ci?

Daga wani mai karatu, Funtuwa.

AMSA

Ka gaishe mini da Alhaji, ka ce masa ya fi ku gaskiya, amma akwai ɗan gyara da zan yi masa nan gaba. Abokin naku kuwa ya yi kuskure, sai dai na san inda ya jiyo ƙamshin maganar.

Valeriy Lobanovskyi ɗan birnin Kiyef ne, an haife shi ranar 6 ga Janairun 1939, lokacin Yukren tana cikin Tarayyar Sobiyet. Ya yi karatun injiniya, fannin da ya shafi ɗumama gine-gine, abin da ke da daraja a ƙasar da sanyi ke kashe mutane. Daga nan zancen "malamin lissafi" ya samo tushe. Amma ƙwallo kam ya buga, kuma a babbar ƙungiyar garinsu, Dynamo Kyiv. Lamba sha ɗaya ne, dogo mai jan gashi, mai son riƙe ƙwallo yana yanka har sai ya gaji don kansa. 'Yan kallo sun fi saninsa da bugun kwana: yakan murɗa ƙwallon ta lanƙwasa a iska ta faɗa raga ba tare da ta taɓa kowa ba. Yana cikin waɗanda suka ɗauki kofin gasar Sobiyet a 1961, karon farko da kofin ya bar hannun ƙungiyoyin Mosko.

Abin da ya biyo baya shi ne mabuɗin labarin mutumin nan kaf, don haka ka riƙe shi. A 1964 aka kawo wa Dynamo sabon koci, Viktor Maslov, wanda ba ya ƙaunar ɗan wasan da zai tsaya a gefen fili yana jiran a kawo masa ƙwallo ya yi gwaninta. So yake kowa ya yi gudu, kowa ya tare, kowa ya saki ƙwallo da wuri. Shi da Lobanovskyi ba su jitu ba, kuma a shekarar aka rabu. Tauraron ya koma Chornomorets ta Odesa, daga nan Shakhtar ta Donetsk, ya ajiye ƙwallo a 1968 yana da shekara 29. Sau biyu kacal ya saka rigar babbar tawagar Sobiyet. Ita kuwa Dynamo da ta sallame shi, sai ta ɗauki kofin gasa sau uku a jere, 1966, 1967 da 1968. Ka ga an nuna masa ƙiri-ƙiri cewa ƙungiyar ta fi kyau ba da shi ba. Wani zai riƙe wannan a zuciya har kabari. Shi sai ya zauna ya yi nazarin dalili, ya kuma zama kocin da ya fi Maslov tsanani a kan irin halin da aka kore shi saboda shi. Ana ma ruwaito cewa daga baya ya yarda da bakinsa, da shi ne koci a lokacin, da shi ma bai ajiye ɗan wasa irinsa ba.

Ga gyaran da na ce zan yi wa Alhaji ke nan. Taron dangin da kuke magana a kai ba Lobanovskyi ne ya fara shi ba. Maslov ya riga shi a Kiyef ɗin, Rinus Michels ma yana nasa a Ajax ta Holan. Abin da Lobanovskyi ya ƙara shi ne awo.

Ya fara koci a Dnipro, ya fito da ita zuwa babbar gasa a 1971. A garin ne ya haɗu da wani masanin kimiyyar motsa jiki, Anatoliy Zelentsov, wanda ya zame masa abokin aiki na tsawon rayuwa. Da Dynamo ta kira shi gida a ƙarshen 1973, sai suka kafa wani abu da duniyar ƙwallo ba ta saba gani ba a lokacin: ɗakin bincike a cikin ƙungiya. Ana ƙirga duk abin da ɗan wasa ya yi a fili, fasin nawa ya bayar, nawa suka isa, sau nawa ya tare, sau nawa ya zubar, a zuba a kwamfuta. Ana auna yadda jiki ke gajiya da yadda yake farfaɗowa, a tsara atisaye a kan haka. Ƙa'idarsu ita ce ƙungiyar da kuskurenta bai wuce kashi 15 zuwa 18 cikin ɗari na abin da ta yi a fili ba, da wuya a doke ta. A yau kowace babbar ƙungiya tana da masu irin wannan aiki, har ba a ganin abin a bakin komai. Amma ka tuna ana maganar shekarun 1970 ne, lokacin kwamfuta ɗaya takan cika ɗaki.

Tunaninsa a fili mai sauƙin faɗa ne, wahalarsa wajen yi. In ƙwallo tana hannunku, ku baje ku faɗaɗa fili. In ta kuɓuce, ku tsuke shi, ku rufar wa wanda ya ɗauka. Ɗan baya ya iya kai hari, ɗan gaba ya iya tsaro. Kuma a haddace motsi a wurin atisaye, yadda mutum zai jefa ƙwallo inda bai duba ba don ya san abokinsa na nan tafe.

To me ya ci? A watan Mayun 1975 Dynamo ta lallasa Ferencváros ta Hangari 3-0 a Basel, ta ɗauki kofin Turai na ƙungiyoyin da suka ci kofin ƙalubale a ƙasashensu, gasar da aka daina a 1999 amma a wancan zamani tana da nauyi ƙwarai. Wannan ne kofin Turai na farko da wata ƙungiyar Sobiyet ta ɗauka. A shekarar kuma suka kara da Bayern Munich ta su Beckenbauer, zakarun Turai, a Super Cup, suka ci 1-0 a Jamus, 2-0 a Kiyef. Oleh Blokhin ne ya ci ukun duka, ya kuma karɓi Ballon d'Or na shekarar. A gida kuwa, kofin gasar Sobiyet takwas da kofin ƙalubale shida ya ɗauka da Dynamo.

Kada ka ɗauka zuma ce zalla. A 1975 aka ba shi tawagar ƙasa shi da abokin aikinsa Oleh Bazylevych, suka kwashi kusan duk 'yan Dynamo, suka gasa musu aya a hannu da atisaye har ƙafafu suka mutu. Suka tashi da tagulla a gasar Olamfik ta Montreal a 1976, abin da hukumomin Mosko suka ɗauka a matsayin abin kunya. Da aka dawo gida 'yan wasa suka yi bore, suka ce ba za su ƙara aiki da su ba. Aka sasanta, Bazylevych ya tafi, shi ya tsira. Jaridun Mosko kuma sun daɗe suna sukarsa cewa ya mayar da ƙwallo lissafin ɗan kasuwa, a ci a gida, a nemi canjaras a waje. Ba zan ce ƙarya suka yi masa ba. Mutum ne mai taurin kai da ba a ja da shi, kuma akwai shekarun da kallon Dynamo ba ya da daɗi. An sake ba shi tawagar ƙasa, amma a 1983 aka sallame shi bayan Fotugal ta ci su 1-0 a Lisbon, suka rasa gurbin gasar Turai.

Ƙungiyarsa ta biyu, ta tsakiyar shekarun 1980, ita ce nake zaton Alhaji ya gani da idonsa. Ranar 2 ga Mayun 1986, kwana shida bayan fashewar tashar nukiliya ta Chernobyl da ke arewa da Kiyef, suka casa Atlético Madrid 3-0 a Lyon suka sake ɗaukar kofin nan. Ana saura makonni a fara gasar cin kofin duniya a Meziko aka cire kocin Sobiyet aka ba shi, ya tafi da 'yan Dynamo goma sha biyu. Wasan farko suka zuba wa Hangari 6-0. Aka fara cewa ga masu kofi, sai Beljiyam ta fitar da su 4-3 bayan ƙarin lokaci, duk da ƙwallo uku da Ihor Belanov ya ci, wanda shi ne ya karɓi Ballon d'Or na 1986. A gasar Turai ta 1988 sun doke Holan 1-0 da Ingila 3-1 a rukuni, suka shaƙe Italiya 2-0 a wasan kusa da na ƙarshe, wasan da har gobe ake kafa misali da shi in ana zancen matsa wa abokin karawa. A wasan ƙarshe Holan ta rama 2-0. Kun san ƙwallon nan ta Van Basten da ya ɗauke ta a sama daga wani lungu da ba a zaton a ci daga nan? To a ragar yaran Lobanovskyi ta faɗa, Belanov kuma ya ɓarar da fenariti. Gasar duniya ta 1990 ba ta yi musu kyau ba, a rukuni suka fita, amma su ne suka ci Kamaru ta su Roger Milla 4-0, Kamarun da ta doke Ajantina, kuma ita Kamarun ma ɗan Sobiyet ne ke horar da ita, Valery Nepomnyashchy.

Ya yi shekara shida a ƙasashen Larabawa, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa sannan Kuwaiti, har aka ɗauka zamaninsa ya shuɗe. Sai ga shi a Dynamo a farkon 1997, jiki ya yi nauyi, yana zaune a benci yana rangaji gaba da baya kamar ɗalibi mai tilawa, ba ya ihu, ba ya tsalle. A nan ya gina ƙungiya ta uku a kan samari biyu, Andriy Shevchenko da Serhiy Rebrov. In akwai 'yan Barcelona a majalisarku, tambaye su kakar 1997. An ci su 3-0 a Kiyef, aka bi su har Camp Nou aka ƙara musu 4-0, Shevchenko ya ci uku kafin hutun rabin lokaci. Kaka ta gaba suka fitar da Real Madrid mai riƙe da kofi, suka haɗu da Bayern a wasan kusa da na ƙarshe. Suna gaba da 3-1 a Kiyef, suka yi sakaci aka tashi 3-3, Mario Basler ya ci su 1-0 a Munich. Da sun riƙe wancan 3-1, da wataƙila su Manchester United za ta tarar a wasan ƙarshe na 1999, da kuma ba ka aiko mini wannan tambaya ba.

Gaskiyarku, bai ɗauki Kofin Zakarun Turai ba. Sau uku yana zuwa wasan kusa da na ƙarshe, 1977, 1987 da 1999, yana komowa. Wannan ne babban dalilin da ba ku san shi ba, sai kuma cewa mafi yawan aikinsa ya yi shi ne a bayan katangar Sobiyet, inda kyamarorin duniya ba sa leƙawa sosai. Amma ni abin da ya fi gamsar da ni game da girmansa shi ne abin da ke samun yaransa in sun bar hannunsa. Zavarov ya je Juventus bai yi armashi ba. Belanov, mai Ballon d'Or sukutum, ya je Borussia Mönchengladbach ya dusashe. Rebrov ya je Tottenham a kan fam miliyan 11 a 2000, ya ƙare a benci. Ba ragwaye ba ne, tsarin da ke sa ɗan wasa ya fi ƙarfin kansa suka bari a gida. Shevchenko ne ya fita zakka, ya je Milan ya ƙara haske har ya karɓi Ballon d'Or a 2004.

Game da alaƙarsa da su Klopp, akwai zare na gaske. Ralf Rangnick, wanda ake ɗauka a matsayin uban wannan salo a Jamus, ya sha ba da labarin cewa a farkon shekarun 1980, yana koci kuma ɗan wasa a wata ƙaramar ƙungiya, Viktoria Backnang, suka yi wasan sada zumunci da Dynamo. Matsin da ya sha ya sa ya tsaya ƙirga 'yan Kiyef, yana zaton sun fi goma sha ɗaya. Daga ranar ya shiga nazarin abin, kuma kocin Jamus da dama na yau sun sha daga rijiyarsa.

Aikinsa na ƙarshe da tawagar ƙasa bai yi daɗi ba: Jamus ta hana Yukren zuwa gasar duniya ta 2002. Ranar 7 ga Mayun 2002 ya yanke jiki a wasan da Dynamo ta buga a Zaporizhzhia, jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa, ya rasu ranar 13 ga wata yana da shekara 63, bayan kofin gasar Yukren biyar a jere. Kwana biyu da rasuwarsa aka yi masa shiru na minti ɗaya kafin wasan ƙarshe na Zakarun Turai a Glasgow. Filin Dynamo sunansa yake ɗauke da shi yanzu. Da Shevchenko ya ci fenaritin da ya ba Milan kofin a 2003, sai ya ɗauki lambarsa ya kai kabarin malaminsa a Kiyef. Blokhin, Shevchenko da Rebrov kuwa, kowannensu ya zo ya horar da tawagar Yukren.

In kun koma majalisa, a ajiye gardama tukuna. Wani ya ciro waya ya nemo ƙwallo ta biyu da Dynamo ta ci Atlético a Lyon. Vasyl Rats ya taso ta hagu ya ja mutum biyu, ya miƙa wa Belanov a tsakiya. Belanov ya tura dama ga Yevtushenko. Shi kuma ya ƙara turawa dama, inda sai ka rantse babu kowa, sai ga Blokhin ya ɓullo a guje ya ɗaga ta saman gola. Ku kalla sau biyu, a karo na biyu ku daina bin ƙwallo da ido, ku dubi masu gudu ba da ita ba. Sannan a miƙa wa Alhaji wayar.